Maraɗi bayan gyaɗa: abin da ya kamata manomin Imanan ya je ya gani



Da yawa daga cikinmu sun taɓa taka Maraɗi. Wasu sun ratsa ta cikinta a kan hanyar Katsina da Kano lokacin cin rani. Wasu sun je sayen kaya. Mutum ya sauka tasha, ya shiga kasuwa, ya kwana ɗaya, ya juyo. In ya dawo sai ya ba mu labarin tsadar atamfa da canjin naira. A ganina ya baro abin da ya fi amfani ga manomi. Abin nan yana wuri biyu: a tsoffin masana'antun birnin, da kuma gonakin da ke kewaye da shi.

Ra'ayina shi ne, kafin mu ƙara cin bashi don faɗaɗa noman dankalin turawa, kowace ƙungiyar manoma ta tura mutanenta su ga waɗannan wurare biyu. Dalili kuwa, matsayin da dankali yake da shi a wurinmu yau, shi gyaɗa take da shi a Maraɗi shekaru sittin da suka wuce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Zamanin gyaɗa

Maraɗi ta da tana cikin fadamar Gulbi. A shekarar 1945 ruwa ya ci garin, aka mai da shi kan tudu inda yake yanzu. Gyaɗa ce ta gina sabon garin. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA sun kafa ma'auni. Da kaka ta yi, sai raƙuma da jakuna su yi ta shigowa da buhuna. Motoci su kwashe zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai bakin teku. Daga baya aka buɗe wata hanya ta Paraku da Kotonu. Manyan alhazan Maraɗi da yawa a wannan ciniki suka fara samun jari.

Tun a shekarun 1940 aka kafa masana'antar matse man gyaɗa mai suna SICONIGER. Aka kafa injin gurzar auduga. Daga baya aka buɗe majema ta zamani mai suna SONITAN, saboda fatar jar akuyar Maraɗi tana da daraja har ƙasashen Turai. A shekarar 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don ya riƙa sayen gyaɗa yana fitar da ita waje. A shekarun 1960, fiye da rabin kuɗin da Nijar take samu daga kayan da take sayarwa waje, daga gyaɗa yake fitowa.

Manomi ya ga kuɗi a hannu. Da gyaɗa yake biyan haraji, da ita yake yin aure, da ita yake sayen keke da rediyo. Saboda haka ya faɗaɗa gona. Ya sare itatuwa, ya tone kututtura don garmar shanu ta wuce. Ya daina barin gona ta huta. Wurin hatsi ya ragu, wurin gyaɗa ya ƙaru. Ba mai zarginsa, don a lokacin kowa yana ganin abin ba zai ƙare ba.

Yadda abin ya rushe

Masifun ba su zo rana ɗaya ba. Da farko, wajen ƙarshen shekarun 1960, Faransa ta daina sayen gyaɗar ƙasashenmu da farashi na musamman. Man waken suya da wasu mayuka suka cika kasuwar duniya. Manomin Maraɗi ba ya nan aka yanke wannan shawara, amma a aljihunsa ta faɗa.

Sannan fari ya zo a 1973 da 1974. A 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. Iri ma ya yi wuya. A daidai lokacin, tun 1971, an fara haƙar yuraniyom a Arlit, hankalin ƙasa ya koma can. A 1984 wata yunwa ta sake zuwa, wadda mutanen Maraɗi suke kira El-Buhari, don ta zo lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta.

Masana'anta ba ta cin iska. Da gyaɗa ta yi ƙaranci, injin matse mai ya riƙa aiki yana tsayawa. Masana'antun mai na Matamai da Magarya, a jihar Damagaram, suka rufe. Zuwa farkon shekarun 1990 majemar Maraɗi ma ta rufe. Kayan Najeriya masu araha sun cika kasuwa, na gida ya kasa ja da su. Ma'aikata suka koma neman abin yi.

Wannan labari bai tsaya a Maraɗi ba. A Kaduna an buɗe babbar masaƙa a unguwar Kakuri a 1957, ta rufe a 2002, wasu masaƙu suka bi ta, manoman auduga suka rasa mai saye. A Kano dalar gyaɗa ta zama labari. A ƙasarmu, kamfanin COMINAK ya rufe ramin yuraniyom na Akokan a watan Maris na 2021, bayan fiye da shekara 40 yana aiki. Har a Amurka akwai birnin Ditroyit, gidan ƙera motoci. A 1950 mutanensa sun kusa miliyan 2. A 2020 ba su kai dubu 700 ba, kuma a wasu kangayen birnin lambu ake yi yanzu. Masana'anta tana da ranar haihuwa, tana da ranar mutuwa. Gona ce ke saura.

Kada wani ya ɗauka Maraɗi ta mutu. Birni ne mai rai, cike da ƴan kasuwa, kuma akwai ƙananan masana'antu da ke aiki. Tun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Amma baƙo ya nemi dattijon da ya yi dako ko awo a zamanin gyaɗa, ya roƙe shi ya nuna masa tsoffin ɗakunan ajiya da inda ma'auni yake a da. Ya tambaye shi abu ɗaya: ranar da mai saye ya daina zuwa, me iyalinku suka ci?

Abin da ke bayan gari

Amsar wannan tambaya tana cikin gonaki. Wanda ya fita daga Maraɗi ya nufi Agye da Tasawa zai ga abin mamaki. Gonaki cike suke da itatuwa: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. A farkon shekarun 1980 yawancin wannan ƙasa fili ce fetal. Iska tana binne shuka da yashi, har manomi ya shuka sau biyu ko sau uku a damana ɗaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta, wasu su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki.

Waɗannan itatuwa ba dasa su aka yi ba. An daɗe ana dashe, yawanci yana mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon tsoffin kututtura ne. Saiwarsu tana da rai, ta riga ta kai ga laima. Abin da suke so kawai a bar su. Manoma sun san wannan tun kakanni, sai dai an bar shi. Bayan yunwar 1984 aka farfaɗo da shi, manomi ya gani a gonar maƙwabci ya ɗauka. Suka sa masa suna sassaben zamani.

Ga yadda ake yi. Lokacin sassabe, manomi ya zaɓi kututturen da yake so. A cikin tohonsa ya bar biyu zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran. Ya rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya ɗaura ƙyalle don kowa ya san itacen yana da mai shi. Kowace shekara ya koma ya gyara. Ba kuɗi, ba ban ruwa, ba shinge mai tsada.

Masu bincike da suka gwada tsoffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da itace wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin kadada miliyan 5. Gawo yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. A da manomi yana tsoron barin itace a gonarsa, don doka ta ce na gwamnati ne. An gyara dokar gandun daji a 2004, kuma a 2020 aka fito da wata doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Baƙo zai ga wani abu kuma. Gonar da ta kasance ta gyaɗa zalla yanzu ta zama ta abubuwa da yawa. Ga hatsi da dawa, ga wake a tsakaninsu. Ga aya, ga riɗi, ga yakuwa a gefen gona. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, Najeriya kaɗai ke gabanta. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba, ma'aikatan bincike na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. A Jiratawa, kudu da birni, akwai gandarin noman rani inda ake noman zogale ana kai shi kasuwanni masu nisa.

Gyaɗa ita ma ba ta ɓace ba, ta koma hannun mata. Su ne ke matse mai, su soya ƙuli-ƙuli, su sayar da tunkuza ga masu kilishi. Jar akuya tana nan a gidaje, tana yawan haifar biyu, tana ba da nono. Majema ta rufe, akuya ba ta rufe ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gefen da ke da ɗaci

Wanda ya je ganin gari ya faɗi gaskiya duka. Maraɗi rumbun ƙasa ce, amma tana cikin jihohin da tamowa ta fi kama yara. A 2005, bayan fara da ɗaukewar ruwa na 2004, hatsi ya yi tsadar da talaka bai iya saye. Kasuwa kuwa cike take da abinci. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Me ya kawo haka? Mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, har mata da yawa sun rasa ɗan gamanansu. Manomi ya ci bashi da damana, ya biya da hatsi a kaka lokacin da yake araha. Kafin bazara rumbu ya ƙare, ya koma sayen hatsin da ya sayar, da tsada biyu. Wake da gyaɗa da aya duk sun tafi kasuwa, yaro ya saura da kunun hatsi tsura.

Ku duba abin takaici. Abincin da ake ba yaro mai tamowa a gidan likita, wanda ke cikin ƴar leda, da gyaɗa ake yin sa, a haɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A 2005 ma aka fara yin sa a Yamai. Gyaɗar da ta fita daga gida a buhu, ita ce ta dawo a matsayin magani. Da an rage tiya kaɗan don kunun yara, da wasu ba su kai gadon likita ba.

Mu a Imanan

Allah ya ba mu fadamar Dallol Boso, inda a wurare da yawa ruwa bai wuce ƴan gaba ba. Dankalin Bonkuku ya yi suna a kasuwannin Yamai. Ya rufa wa gidaje asiri, ya hana samari da yawa fita cin rani. Ba na cewa a bar shi. Amma mu gwada shi da gyaɗar Maraɗi mu gani.

Na ɗaya, yawancin irin da muke shukawa daga Turai yake zuwa. Zanen aro ba ya rufe katara. A watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa, kayan waje suka ninka tsada dare ɗaya. A 2023 da aka rufe iyakoki, kayan da ke bi ta Kotonu sai da suka nemi wata hanya mai nisa. Taki da man inji ma daga waje suke.

Na biyu, kusan tare muke shuka, tare muke haƙa, kasuwa ɗaya muke kaiwa. Dankali ba ya jure zafin bazara. Mai saye ya san ba za mu iya jira ba, shi ya sa shi ke yanka farashi.

Na uku, shuka ɗaya a ƙasa ɗaya kowace shekara tana tara cuta. Abin da kuturta ta yi wa gyaɗa, wata cuta tana iya yi wa dankali. Tumatir da gauta da tattasai danginsa ne, cutarsu ɗaya, don haka ba a canja wuri da su. A canja da albasa, ko masara, ko wake.

Na huɗu, hankalinmu ya koma garka, gonar tudu tana tsufa. Gawo da gawasa da goriba da iyayenmu suka bari suna mutuwa, ƙanana ba sa tasowa, don kowace shekara muna sassabe su.

Na san abin da wasu samari za su ce. Za su ce maganin duk wannan shi ne a kafa mana masana'anta a Filinge ko Bonkuku, wadda za ta saye dankalinmu duka. Ina maraba da ita, kuma ɗakin ajiya mai kyau zai taimake mu ƙwarai. Amma Maraɗi ta samu masana'antu, ba ɗaya ba. Mai saye guda ɗaya tak, ko kamfani ne ko ɗan kasuwa, ranar da ya rufe ƙofa, kowa ya kwana da yunwa. Wasu kuma za su ce ƙasarmu ba irin ta Maraɗi ba ce, ruwan samanmu bai kai nasu ba. Gaskiya ne ga kudancin Maraɗi. Sai dai sassaben zamani a ƙasar yashi mai ƙarancin ruwa aka fi bukatarsa, kuma sabara da kalgo suna nan suna toho a gonakinmu ba wanda ya gayyace su.

Yadda za a yi ziyarar

Daga Yamai zuwa Maraɗi wajen kilomita 660 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Gidan Rumji. Tafiya ce mai kuɗi, kuma a ƴan shekarun nan hanyoyi ba su da kwanciyar hankali kamar da. Saboda haka ba sai kowa ya je ba. Kowace ƙungiya ta tara kuɗi bayan sayar da dankali, ta zaɓi mutum huɗu: dattijo, saurayi, da mata biyu. Mata su ne suka san tukunya da itacen wuta, su ne za su ga abin da namiji zai wuce bai gani ba. A nemi shawarar hukuma a kan hanya. A yi tafiya da rana. A roƙi malamin gona na wurinmu ya haɗa su da takwaransa na can.

Su kwana ɗaya a birni, kwana biyu a ƙauye. Su riƙe wuƙa da hannunsu su gyara itace a gaban mai gona. Su tambayi yadda aka sasanta da makiyaya, da hukuncin wanda ya sari itacen wani. Su tambayi mata yadda suke haɗa jari don matse mai. Su shiga rumbun tsimi su ga yadda ake riƙe lissafi. Su leƙa inda ake jinyar yara masu tamowa. In sun dawo a tara gari su ba da labari. Gani ya kori ji.

Kafin su tafi ma, akwai abin da kowane gida zai iya farawa bana. A sassaben da ke zuwa, a bar toho ashirin ko fiye a kowace kadada. A garka, a ware kwami don zogale da karas da kabeji na cin gida. In kuɗin dankali ya shigo, a fara cika rumbu kafin a sayi babur. A ajiye wake da gyaɗa na yara daban, kada a taɓa su don kasuwa. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, don tana da dafin da ke lalata hanta. Dankalin da ya yi kore ko ya yi tsiro da yawa, kada a dafa wa iyali. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Daga nan a ƙara masa kunu mai kauri da aka haɗa da garin wake ko ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ana ci gaba da ba shi nono. In yaro ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi likita a auna damtsensa ba tare da jinkiri ba.

Mutanen Maraɗi sun biya wannan ilimi da tsada: da fari, da yunwa, da ƴaƴansu. Mu kuɗin mota kawai zai ci mana. Shugabannin ƙungiyoyi, ku sa wannan magana a taronku na gaba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.